Kuɓewa Ɗaya, Hali Talatin

Duk mai son ya san yadda ƙasar nan za ta kasance nan da shekara 30, ya kashe rediyonsa ya huta da masu sharhi. Ya zo ajina ranar Laraba da hantsi, ya tsaya a bakin taga. Ranar ce muke buga tambari, ni da yara 30 'yan shekara 3 zuwa 5, a wata makarantar nazare da ke cikin birnin Kano.

Aikin a baki ba shi da wuya. Tun a gida nake yanka kayan aiki, domin wuƙa ba ta shiga aji. Dankali a raba shi biyu a sassaƙa masa tauraro ko jinjirin wata, a tsane ruwan da yake tsatsowa da tsumma, in ba haka ba fenti ba zai kama shi ba. Kuɓewa a yanke ta a gicciye, cikinta ya fito kamar fure mai kunne biyar. Ga albasa mai zobe cikin zobe, ga totuwar masara da ake mirginawa, ga murfin kwalbar lemo, ga ganyen darbejiya. Sai in shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan tebur, in sa soso a faranti in jiƙa shi da fenti kaɗan, in zura wa kowane yaro tsohuwar rigar babansa gaba a baya. Doka uku ce kacal: dangwala, danna, ɗaga. Ina faɗa suna amsawa da ƙarfi kamar masu biya allo, kuma da na juya baya kowa ya yi abin da ransa ya raya masa.

Bajamushen nan Friedrich Froebel, da ya buɗe wa ƙananan yara makaranta, a 1840 ya raɗa mata sunan da ma'anarsa ita ce lambun yara. Da zai ga teburina da kuɓewa da albasa da dankali, da ya sallama cewa mun fi shi fahimtar sunan.

To, kuɓewa ɗaya ce, fenti ɗaya, takarda iri ɗaya. Amma idan na tattara aiki, takarda 30 nake gani, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Hausawa suka ce hali zanen dutse. Ga irin duwatsun da Allah Ya haɗa ni da su.

Maciyi

Saboda shi na daina sayen fentin kanti na koma haɗa nawa: fulawa a dama ta kamar koko, a sa zoɓo a samu ja, a sa gangamau a samu rawaya, sauran launuka kuma a nemo kalar da masu kek suke amfani da ita. Saboda shi kuma na bar dankalin turawa na koma dankalin Hausa, wanda ko ɗanye aka ci ba a kwana asibiti. A idon Maciyi abin da ke kan tebur miya ce da ba a gama haɗawa ba. Ranar farko da na raba kayan aiki ya dubi kuɓewa, ya dubi albasa, ya dube ni, ya ce, “Anti, ina tuwon?” Na ba shi tauraro mai kusurwa biyar, kafin in zagayo ya koma mai uku, shi kuma leɓensa ya yi jawur. Na ce ina sauran? Ya ce sun faɗi. Na ce ina suka faɗa? Ya nuna cikinsa, domin dai har yanzu bai iya ƙarya mai tsawo ba. Idan Allah Ya raya shi, ina roƙon duk wanda zai ɗauke shi aiki kada ya ba shi makullin sito.

Babban Akawu

Wannan ya gane abin da manya da yawa suka gane, cewa mai riƙe da tambari shi ne mai gari. Yakan dunƙule dankali a hannu, ya ɗaga shi sama da kansa, ya sauke shi dam, har farantai su yi tsalle. Ba ya duba inda ya buga. Takardarsa ta sha, ta maƙwabcinsa ta sha, rajistar aji ta sha, bayan rigar yarinyar da ke gabansa ma an amince da shi. Akwai ƙaninsa a hali, wanda shi kuma riƙewa yake yi. Zai zauna da tauraron da kowa ke so, ya ɗora hannu a kai, yara su yi masa layi. Na taɓa jin wata tana roƙonsa ya ara mata, ya dube ta sheƙeƙe ya ce, “Ki dawo gobe.” Shekararsa 4. Ban san a inda ya ji ba, amma na san inda zai ƙare.

Mai Dangwale

Ba ruwansa da dankali, ba ruwansa da kuɓewa. Allah Ya ba shi babban yatsa, kuma ya ishe shi. Ni ba na hana shi, domin dangwalen yatsa aiki ne mai kyau: a ɗiga masa ido biyu da ƙafafu ya zama ɗan tsako, a yi masa wutsiya ya zama kifi. Kuma nan nake nuna musu cewa zanen yatsan kowa dabam yake, ko Hassan da Hussaini ba su haɗa ba. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya tsayawa a takardarsa. Da ya cika tasa sai ya shiga zagaye yana taimako: “Kawo in yi miki. Kai ba ka iya ba, kawo.” Wata rana na ƙirga dangwale a takardun aji, na tarar yatsa ɗaya ya bayyana a takarda 17. Ƙuri'u sun fi masu rajista yawa. Da na tambaye shi, sai ya ce su suka ce ya yi musu. Duk ajin suka yi shiru, sai daga baya na gano ya raba alawa.

Hajiya Ƙarama

Tana zuwa da safa fara sol da ribom biyu. Tsohuwar rigar da nake sa musu, ita kallon ƙasƙanci take yi mata. Tana ɗaukar kuɓewa da yatsa biyu, ɗan ƙaramin yatsa a miƙe, hanci a murtuke, saboda yauƙi. “Anti, Momi ta ce kar in ɓata kayana.” Idan ɗigon fenti ya taɓa mata farce, sai a tsayar da darasi a nemo ruwa da sabulu. Daga ƙarshe takan sami wani bawan Allah a gefenta ya riƙa bugawa tana nuna masa wuri: “Nan. A'a, matsa. Nan.” Takardarta ce mafi tsabta a aji, kuma hannunta bai taɓa ta ba. Irin wannan ba ta shan wahala a duniya.

Amarya

Ita kuwa ta ga takarda ta raina. Me za a yi da takarda ga fata? Furen kuɓewa ja a bayan hannu, wani a tafi, wani a goshi, sannan ta cire takalmi ta shiga ƙafa. Ta ga yayarta ana yi mata lalle lokacin biki, ta ga yadda ake liƙa ƙyalle mai huji a cike shi, ta gane cewa sana'a ɗaya ce da tamu, kuma ban iya ƙaryata ta ba. Cikin minti 10 ta buɗe shago a ƙarshen tebur, 'yan mata 5 sun miƙa hannu suna jiran layi, tana gargaɗinsu kada su motsa sai ya bushe. Ranar da muka yi aiki da shuɗi, ta koma gida hannuwanta har gwiwa kamar marinin Ƙofar Mata. Da mahaifiyarta ta kira ni a waya, na ce mata marinar nan tun 1498 ake cewa tana nan, kuma ba a taɓa jin wanda shuni ya kashe ba. Ba ta yi dariya ba.

Mai Haɗin Gambiza

Shi na fi ƙauna a ɓoye, kuma shi ya fi jawo mini asara. Wata rana ya tsoma dankalin rawaya a farantin shuɗi, ya buga, sai ga kore. Ya daskare. Ya dubi dankalin, ya dubi takarda, ya ƙwala ihu, “Anti! Anti! Ya zama ganye!” Abin da na shirya koyarwa a mako na 6, shi ya gano da kansa a mako na 2, kuma har ya tsufa ba zai manta shuɗi da rawaya suna haifar kore ba. Sai dai mai bincike ba ya tsayawa inda ya dace. Tunda biyu sun ba da abin mamaki, ai biyar za su fi. Ya haɗa ja, ya ƙara kore, ya zuba saura, duk farantan aji suka koma launi ɗaya, kalar ruwan kwata bayan an yi ruwan sama. Nan ma ilimi ne. Amma ilimin ya ci mini fulawa rabin kwano.

Ɗan Rahoto

Takardarsa fara fat, domin aikin da ke gabansa ya fi buga tambari girma. “Anti, ga wane yana cin nasa.” “Anti, wance ta shafa a bango.” “Anti, wane ya ce fentinki wari yake.” Ba ya ƙarya, wannan na shaida masa, sai dai ba ya tace labari, kuma ba ya barin na gobe. Idan aji ya yi lafiya na minti biyu sai hankalinsa ya tashi, ya fara leƙa ƙarƙashin tebur. Iyaye ma ta bakinsa suke jin abin da ya faru kafin su sauko daga adaidaita sahu.

Ɗan Kasuwa

Kafin in gama raba kaya, murafan kwalba 12 sun ɓace. Suna aljihunsa. Ya lura murfin kwalba ne kaɗai ke fitar da da'ira mai haƙora, wadda yara ke yin tayar mota da ita, ya kuma lura ba su isa kowa ba. Sai ya jira. Da buƙata ta tashi ya buɗe kasuwa: murfi ɗaya, biskit ɗaya, a biya idan an fita tara. Wanda ba shi da biskit ya kawo kurɓi biyu na lemon kwali. Da na ƙwace kayan na raba kyauta, ya dube ni irin kallon da 'yan Kantin Kwari ke yi wa wanda ya taya atamfa da rabin kuɗinta. Washegari ya zo da nasa murafan daga gida, ya ce waɗannan ba na gwamnati ba ne.

Mai Leƙe da Direba

Mai Leƙe ba ya buga komai sai ya ga abin da na kusa da shi ya buga. Har kuskuren yake kwafa. Idan maƙwabcinsa ya yi atishawa hannunsa ya goce, shi ma sai ya goce nasa. Direba kuma ya karɓi doka biyu, ya ƙi ta uku: yana dangwalawa, yana dannawa, amma ba ya ɗagawa. Jan dankalin yake yi daga wannan gefe zuwa wancan yana “buuu”, har takarda ta huje. In ka tambaye shi, titi ya yi. In ka nuna masa hujin, sai ya ce ai haka titi yake.

Malam Zurfi

Minti 40 yana zaune, haɓa a tafin hannu. Can sai ya ɗauki ganyen darbejiya, ya dangwala, ya buga guda ɗaya tak a can ƙasan kusurwa, ya ajiye. Na durƙusa kusa da shi na ce, “Me ka yi mana?” Ya ce gona ce. Na ce ina sauran shukar? Ya ce akuya ta cinye. Na ce to ina akuyar? Ya dube ni da tausayi, ya ce, “Anti, ai ta ƙoshi ta tafi.” Na miƙe ban ƙara magana ba. Tun daga ranar na daina tambayar yaro “mene ne wannan?” da muryar mai tuhuma, sai dai in ce ya ba ni labarinsa.

Da an tashi kuma sai manya su iso, a nan ne mutum yake gane cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Alhaji Me-Ya-Koya

Yana riƙe da takardar ɗansa da yatsa biyu kamar rasit ɗin da aka cuce shi. “Malama, kuɗin makaranta nake biya. Ɗan maƙwabcina yana rubuta 1 zuwa 100, nawa kuma an sa shi wasa da kayan miya.” Na ce, ranka ya daɗe, hannun yaro ɗan shekara 3 bai gama ƙwari ba, kuma riƙon dankali da danna shi su ne ke ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir gobe. Na nuna masa layin da yaron ya jera, ja, shuɗi, ja, shuɗi, na ce wannan jerin shi ne tsanin farko na lissafi, domin wanda ya san abin da zai biyo bayan shuɗi ya kama hanyar sanin abin da zai biyo bayan 9. Ganin bai gamsu ba sai na hau tarihi. Na ce fiye da shekara 5,000 da suka wuce mutanen ƙasar da yau ake kira Iraƙi suna sassaƙa ɗan dutse su mirgina shi a kan ɗanyen yumɓu, kamar yadda ɗansa ya mirgina totuwa. A Sin an buga littafi da allon katako a shekarar 868, yana nan ajiye a Landan har yau. Gutenberg, wajen 1450 a birnin Mainz na Jamus, ƙananan tambura na ƙarfe ya jera, harafi-harafi, ya shafa musu tawada ya danna. A Ntonso kusa da Kumasi, har gobe da sakaina ake sassaƙa tambarin adinkira, a tsoma shi a baƙin rini na ɓawon itace a buga wa yadi. Sarakunanmu ma wasiƙarsu ba ta cika sai da hatimi. Ya saurara tsaf, ya gyaɗa kai, ya ce, “To, shi Gutenbag ɗin, nawa yake biya a zango?”

Maman Sabulu, Maman Hoto da Kaka

Maman Sabulu ba ta duba takarda, wuyan riga take dubawa, ta lissafa mini kuɗin Omo. Maman Hoto kuwa tun a bakin ƙofa take ɗaukar aikin ta ɗora a WhatsApp, ta rubuta cewa ɗanta mai zane ne tun daga ciki, ba tare da ta lura dangwalen ɗan wani ne ya cika takardar ba. Amma wadda nake shakka ita ce Kaka. Ta leƙa kwandon shara, ta ga kuɓewa da albasa sun sha fenti, ta tafa hannu. “'Yar nan, ke ba a gidanku aka ce miki abinci ba abin wasa ba ne? Kin san nawa ake sayar da albasa yanzu?” Ban sami amsa ba, domin gaskiya ta faɗa. Tun daga ranar kan kuɓewa da gindin albasa da ake zubarwa nake tarawa, da dankalin da ya fara tsiro. Ita ce ma yanzu take aiko mini da su a leda, tare da saƙon cewa Allah Ya shirye ni.

Mai Makaranta

Ya rubuta Montessori a allon ƙofa da manyan haruffa. Ita Maria Montessori, da ta buɗe gidan yaranta na farko a Rum a 1907, abin da ta dage a kai shi ne a bar yaro ya yi da hannunsa. Shi kuma abin da ya dage a kai shi ne kada fenti ya taɓa bango. Yana ƙaunar ranar tambari sau ɗaya a shekara, ranar da mai hoto zai zo domin takardar talla.

Anti Gyara

Zalunci ne in lissafa kowa in tsallake kaina. Ni ce mai kama hannun yaro in danna masa, in ɗaga masa, in ce “ka ga yadda ka iya!” A shekarata ta farko takardun ajina 30 duk iri ɗaya suke fitowa, tsaf-tsaf kamar daga injin, iyaye suna yabo, kuma babu yaro ɗaya da ya iya gane tasa a jikin bango. Da ƙyar na koyi ɗaure hannuna a baya.

Abin da ya ƙarasa warkar da ni ya faru ne dab da hutun Sallah. Na ce bari mu yi wa iyaye katin barka. Na kwana ina sassaƙa haruffa a dankali, B da R da K da S, kowanne tsaf yadda ake karanta shi. Na manta abin da kowane mai sassaƙa hatimi a bakin kasuwa ya sani, wato tambari a juye ake yanka shi, kamar yadda abu ke fitowa a madubi. Babban Akawu ya ɗaga B ya sauke dam, sai ga ta ta juya wa jama'a baya. S ma ta fito tana kallon yamma. Kafin in rufe baki Ɗan Rahoto ya kai ƙofa: “Anti ta yi ba daidai ba! Bari in faɗo wa mai makaranta!”

Ina tsaye ina salati a zuci, sai Malam Zurfi ya tashi ba tare da ya ce uffan ba. Ya ɗauki takardar, ya kai ta taga, ya manna fuskarta a gilashi. Hasken rana ya ratso ta baya, haruffan suka miƙe daidai. Ya ce, “Anti, daidai ne. Mu ne muke ta baya.”

Sauran kuwa kowa ya kama aikinsa. Mai Haɗin Gambiza ya shafe takardun da ruwan kwatarsa, Direba ya bi ta kai ya yi titi, Mai Dangwale ya sa hannu a madadin kowa, Babban Akawu ya buga wa tulin tambari ya ce an gama. Da mai makaranta ya shigo, Ɗan Rahoto na jan hannun rigarsa, ya ce a kawo dankalin ya gani da idonsa. Aka duba faranti, aka duba ƙarƙashin tebur, babu B, babu S. Can a kusurwa Maciyi yana zaune, kumatu a cike, yana taunawa a hankali.

An kai ƙara, an zo bincike, shaida ta ɓace, an rufe fayil, duk kafin a fita tara. Shi ya sa na ce mai son ganin gobe ya zo ranar Laraba. Ya dai sa tsohuwar riga.